Awon Nilu: yadda ilimin ruwa da na yanayi suka taso, da inda gajeren lissafi ya ɓatar da mutane

Duk wanda ya taɓa sauraron muhawara kan ruwan Nilu, a rediyo ne ko a majalisar ƙofar masallaci, ya ji ana ambaton lambobi uku: 55.5 na Masar, 18.5 na Sudan, 10 kuma rabon rana da iska, wato abin da ke tashi tururi a bayan madatsar Aswan. Jimilla kubik mita biliyan 84 a shekara. A kan wannan lissafi aka sa hannu a Alƙahira a watan Nuwamba na 1959, zamanin Abbud na Sudan da Jamal Abdunnasir na Masar, ba tare da Habasha ba. Tun daga ran nan ake kiran 84 ɗin kamar da ita aka halicci kogin. Alhali abin da aka yi kawai shi ne an ɗauko awon Aswan daga farkon ƙarnin zuwa lokacin yarjejeniyar, aka tara, aka raba. Da an soma ƙirgen daga 1870 da lambar ta fi haka, domin tsakanin 1870 da 1898 ruwan da ke wucewa ta Aswan ya haura biliyan 100 a tsaka-tsaki. Ambaliyar 1878 ta kawo wajen ninki uku na abin da 1913 ta kawo, a kogi ɗaya, a ma'auni ɗaya.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Tun da kakanninmu suka taso daga yamma bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ya sauka da jama'arsa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, rayuwar Hausawan Sudan a wuyan ruwa take. Wasu na noman jaruf, wato shuka a gaɓar kogi bayan ruwa ya janye, wasu na aikin hawasha, gonar ban-ruwa, a Jazira, wasu na jiran sama a gonakin dawa da riɗi na Gadarif, wasu kamun kifi. Idan masana suka yi kuskure a lissafin ruwa, mu ne muke biya da amfanin gona, wani lokaci da gidaje, wani lokaci ma da mutunci, kamar yadda zan nuna a gaba. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu san yadda wannan ilimi ya taso. Tarihinsa, in aka bi shi da kyau, kusan duk tarihin mutane ne da suka yanke hukunci da awon 'yan shekaru, sannan dogon awo ya zo ya gyara musu.

Awon kogin nan ya girmi abin da ake kira kimiyyar yanayi da ƙarnoni masu yawa. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira akwai wata rijiya da aka gina da dutse a shekarar 861, zamanin halifa Mutawakkil na Abbasiyawa. A tsakiyarta an kafa ginshiƙin marmara mai kusurwa takwas, an tsattsaga shi kamu-kamu, ruwan kogi na shiga ta wasu hanyoyi a ƙasa ya hau jikin ginshiƙin. Idan ya kai kamu 16 an san shekara ta yi kyau, a yi shela a gari, a buɗe magudana. Idan ya gaza, an san akwai tsadar hatsi a gaba, kuma da wannan awo ake yanka harajin gona. Masu mulki don haraji suka yi, amma abin da suka bari ya fi ƙarfin niyyarsu: rubutaccen tarihin hawa da saukar kogi tun daga ƙarni na 7, shekara bi shekara, duk da giɓi nan da can. Babu kogin da ke da irin wannan a duniya.

Talakawa ma suna da nasu awon, na sama. Manoman Sudan har yau suna ƙirga damina da taurari, abin da suke kira ina: Dura'a a farkon Yuli, sai Natra, sai Ɗarfa mai yawan zubar ruwa, sai Jabha, har zuwa Simak, kowacce kwana 13 in ban da Jabha. Malamanmu na ƙasar Hausa sun san wannan hisabi tun kafin hijirar kakanninmu, shi ya sa bai zame mana baƙo ba. Amfaninsa shi ne yana gaya wa manomi lokacin da ya kamata ruwa ya zo. Abin da ba ya iya faɗa shi ne ko bana zai zo ɗin, da kuma nawa.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce daga ina ruwan kogi yake fitowa. Nilu ya fi kowane kogi ɗaure musu kai, don yana cika a tsakiyar zafi a ƙasar da ko ɗigo ba ya sauka. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa Ibn Haisam ya yi wa halifa Hakim na Faɗimiyawa alkawarin sarrafa ambaliyar, ya tafi har kudancin Aswan, ya ga girman abin da idonsa, ya gane kayan aikin zamaninsa ba za su iya ba. A Turai kuwa har ƙarni na 17 mutane da yawa na ganin ruwan sama bai isa ya cika koguna ba, sai dai in teku ce ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙasa. Wani Bafaranshe, Pierre Perrault, ya kashe gardamar a 1674 da abu mai sauƙi: ya auna ruwan saman da ke sauka a yankin da kogin Sen ke tasowa na tsawon shekara uku, ya kwatanta da abin da kogin ke ɗauka, ya tarar ruwan saman ya ninka shi wajen sau shida. Bayan 'yan shekaru Edmond Halley na Ingila ya auna yawan ruwan da zafi ke ɗagawa daga kasko, ya yi lissafin Bahar Rum da shi, ya nuna tururin teku ya isa ya ciyar da kogunan da ke zuba cikinta. Daga nan kewayen ruwa, daga teku zuwa gajimare zuwa ƙasa zuwa kogi, ya tashi daga zato ya zama abin da ake iya sa wa lamba.

A Sudan awo na yau da kullum ya kafu ne da zuwan Ingilishi, kuma auduga ce ta kawo shi. Masaƙun Lankasha na buƙatar auduga mai dogon zare, filin Jazira shimfiɗaɗɗe ne mai gangara kaɗan zuwa arewa, ruwa zai bi shi da kansa in an tare kogi. Aka gama madatsar Sinnar a 1925. Masar kuma ba za ta yarda a taɓa ruwa ba sai an san adadinsa, don haka aka jera ma'aunai daga tafkin Biktoriya zuwa Aswan, daga Rusairis zuwa Mugran inda koguna biyu suka haɗu a Kartum. Ma'aunin ba wani abin mamaki ba ne. Matakala ce ta siminti ko marmara da ke gangarawa cikin kogi, kowane mataki da sikelinsa, da mutum ɗaya da ke sauka kowace safiya ya duƙa ya karanta inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi, a buga waya zuwa ofis. Daga waɗannan littattafai aka san abin da yanzu kowane ɗan makaranta ke haddacewa: kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke isa Aswan daga tsaunukan Habasha yake, ta Shuɗin Nilu da Atbara da Sobat, Shuɗin Nilu shi kaɗai ya fi rabi, kuma yawancinsa a wata huɗu yake zubowa, daga Yuli zuwa Oktoba, Farin Nilu kuwa yana rasa wajen rabin ruwansa a fadamar Sudd kafin ya fito.

Mutumin da ya fi kowa zama da waɗannan littattafai shi ne Harold Edwin Hurst, Bature ɗan Ingila da ya zo Masar a 1906 ya shafe fiye da rabin ƙarni a kan kogin, har ake masa laƙabi da Abu Nil. Tambayar da aka ba shi ta injiniya ce: yaya girman tafkin da za a gina in ana so kowace shekara a saki ruwa daidai wa daida, ko an yi ambaliya ko an yi fari, har tsawon shekara ɗari? Madatsa dai rumbu ce. Mai gida da ya san shekarar yunwa ɗaya ce ke zuwa tsakanin masu albarka, ƙaramin rumbu ya ishe shi. Wanda yunwa za ta bi shi shekara biyar a jere, in bai gina babba ba iyalinsa sun shiga uku. Lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi a lokacin ya ɗauka kowace shekara zaman kanta take, ba ruwanta da ta bara, kamar jefa kwabo sama: kai ko wutsiya. In haka ne, shekarun kirki da na wahala za su riƙa cakuɗuwa, suna share juna, tafki matsakaici ya wadatar.

Hurst ya ɗauko awon Rauda na ɗaruruwan shekaru ya gwada wannan zato, ya ga bai tsaya ba. Shekarun cika suna zuwa a ayari, na ƙaranci ma a ayari, kuma ayarin ya fi tsawon abin da sa'a kaɗai za ta haifar. Bai tsaya a Nilu ba. Ya tattara ɗaruruwan jerin awo: ruwan sama na ƙasashe daban-daban, zoben da ke cikin kututturen itace, laka da ke kwanciya a gindin tafkuna shekara-shekara. Ko'ina abu ɗaya ya gani. Har da kwabbai da katin wasa ya zauna yana gwaji don ya tabbatar bambancin na gaske ne. A 1951 ya fitar da sakamakon, ma'anarsa kuma ita ce duk tafkin da aka auna da tsohon lissafi zai yi ƙanƙanta, kuma duk matsakaicin da aka ciro daga shekara 30 ko 50 yana iya zama na ayari ɗaya ne kawai. A 1968 masana biyu a Amurka, Mandelbrot da Wallis, suka raɗa wa wannan hali sunan Annabi Yusuf, alaihissalam, saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na tsanani. Ambaliyar da ke zuwa farat ɗaya ta wuce duk abin da aka taɓa gani kuma suka kira ta da sunan Annabi Nuhu. Mai karatun allo ya san ƙissar tun yana yaro. Abin da Hurst ya ƙara shi ne hanyar auna ta, yadda injiniya zai iya gina bango da ita.

Kogin bai daɗe ba ya gaskata shi ta fuska biyu. Daga 1961 zuwa 1964 tafkin Biktoriya ya hau wajen mita biyu da rabi, Farin Nilu ya ƙaru, fadamar Sudd ta faɗaɗa ta cinye makiyaya da ƙauyuka, shekara biyu kacal bayan an sa hannu a kan matsakaicin da ake ganin tabbatacce ne. Sannan daga 1979 zuwa 1987 Shuɗin Nilu ya yi ta zuwa a rage, shekara bayan shekara, har tafkin Nasir na bayan madatsar Aswan ya sauka kusa da inda injinan wutar Aswan za su tsaya. Damina mai ƙarfi ta 1988 ce ta cece shi, ita ce kuma ta rushe Kartum.

Me ke sa shekaru su riƙa zuwa a ayari? Amsar farko daga Indiya ta ɓullo. Bayan yunwar 1899, aka naɗa Gilbert Walker shugaban ma'aikatar yanayi ta can a 1904, aka ce ya nemo yadda za a hango gazawar damina. Ya tara ma'aikata suna kwatanta awon ƙasashen duniya da hannu, ya gano cewa nauyin iska a tekun Pasifik da na tekun Indiya suna yin sama da ƙasa kamar sikeli, in wannan ya hau wancan ya sauka, kuma ambaliyar Nilu na cikin abubuwan da ke tafiya da wannan sikeli. Dalilin bai bayyana ba sai a 1969, da Jacob Bjerknes ya haɗa shi da ɗumamar ruwan gabashin Pasifik da masuntan Peru ke kira El Nino. Ɗan ƙasar nan, Alfatih Alɗahir, wanda ya yi karatu a Jami'ar Kartum kafin ya zama farfesa a MIT ta Amurka, ya nuna a 1996 cewa El Nino kaɗai na da alhakin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin da ake gani a ruwan Nilu daga shekara zuwa shekara. In ruwan Pasifik ya yi ɗumi, damina a Habasha takan raunana. Haka aka yi a 1877, haka a 1888, wadda ta buɗe ƙofar yunwar da mutanen Sudan ke kira Sanat Sitta, ta shekarar 1306 bayan hijira, zamanin Halifa Abdullahi, magajin Mahdi. Amfanin wannan sani a bayyane yake: zafin teku ana ganinsa watanni kafin damina, don haka ana iya faɗakar da mai madatsa da mai gona tun da wuri.

A gefe guda kuma wani reshen ilimin na tasowa, wanda ya fara da tambayar me ya sa duniya ba ta daskare ba. Fourier ya yi tambayar a 1824. Eunice Foote a Amurka ta sa kwalaben iska a rana a 1856 ta ga mai iskar kabon ta fi zafi. John Tyndall ya soma auna abin dalla-dalla a 1859, ya tarar tururin ruwa ne ya fi kowace iska riƙe zafi. Wannan ya sa tun daga tushe ilimin yanayi da ilimin ruwa abu ɗaya ne. Kabon kan ɗan ɗumama iska, iska mai ɗumi ta ɗauki ƙarin tururi, tururin ya ƙara ɗumi. Arrhenius na Suwidin ya sa wannan a lissafinsa na 1896, Manabe da Wetherald suka sa shi a kwamfuta a 1967 suka sami ƙarin digiri biyu da ɗoriya in kabon ya ninka, aikin da ya kai Manabe ga kyautar Nobel a 2021. A tsakani akwai Charles Keeling, wanda ya fara auna kabon a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ya sami wajen 315 cikin miliyan. Yau ya wuce 420. Shi ma aikinsa irin na mai karanta ma'aunin kogi ne: abu ɗaya, wuri ɗaya, kullum, ba fashi.

Ƙa'idar da ta fi shafar mu a cikin wannan duka ita ce, duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, iska na iya riƙe ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Iskar da ta fi ƙishi ta fi saurin busar da gona da hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, kuma ranar da ta sauke abin da ta ɗauka, saukewar ta fi ƙarfi. Fari da ambaliya ba kishiyoyi ba ne a wannan lissafi. Alfatih da abokin aikinsa Muhammad Siyam sun kiyasta a 2017 cewa a wannan ƙarni matsakaicin ruwan Nilu na iya ƙaruwa da kashi 10 zuwa 15, amma tazarar da ke tsakanin shekarar cika da ta ƙaranci na iya ƙaruwa da kashi 50. Ga manomi, lamba ta biyu ce abin tsoro.

Sai dai akwai babin da ya fi ci mini rai, domin a cikinsa ne kuskuren masana ya zama zargi a kan talaka. A shekarun 1930 wani masanin daji, Stebbing, ya zaga arewacin Najeriya da rani, ya koma ya rubuta cewa Sahara na tafiya kudu tana cinye ƙasa, kuma manoma da makiyaya ne suka jawo. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi sawunsa a 1936 zuwa 1937 bai ga haka ba, amma maganar ta riga ta shiga kunne. A 1975 aka maimaita ta a nan Sudan. Hugh Lamprey ya yi shawagi da jirgi a arewacin Kurdufan da Darfur, ya kwatanta abin da ya gani da taswirar tsirrai ta 1958, ya ce hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, wato wajen biyar da rabi a shekara. Lambar ta zaga duniya, ta shiga jawaban shugabanni da littattafan makaranta, ta yi tasiri a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977. A shekarar da ya yi shawagin kuma Jule Charney ya kawo bayanin da ya yi kama da hujja: dabbobi sun cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari tana mayar da hasken rana, iska ta daina tashi, ruwa ya ɗauke. Wato makiyayi da akuyarsa ne suka kori damina.

Dubi abin da aka kwatanta. Shekarun 1950 na cikin mafi ruwa da yankin ya gani a ƙarnin, 1975 kuma ta zo ne bayan farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960. An ɗauki ƙarshen ayarin yalwa da tsakiyar ayarin tsanani, aka ja layi a tsakaninsu, aka ce ga saurin tafiyar hamada. Ulf Hellden na Jami'ar Lund ya koma wuraren nan na Kurdufan da hotunan jirgi da na tauraron ɗan'adam a shekarun 1980, bai sami wannan tafiya ba. A 1991 Compton Tucker da abokansa suka nuna daga hotunan sama cewa bakin Sahara ya sauko kudu wajen kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, sannan ya koma arewa wajen 110 a shekara guda da ruwa ya dawo. Game da dalilin farin kuwa, Folland da abokansa a ma'aikatar yanayi ta Ingila sun danganta shi da zafin tekuna tun 1986, Alessandra Giannini da nata abokan suka ƙarfafa haka a 2003: in ka ba kwamfuta tarihin zafin teku kaɗai, ba tare da ko akuya ɗaya ba, tana fitar da farin Sahel. Bincike da dama daga baya ya nuna hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atlantika, abin da ya ja damina ta koma kudu.

Ba ina cewa sare itace don gawayi ko noman tarakta da ya share dazukan Gadarif da Habila ba su lalata ƙasa ba. Sun lalata, kowa na gani, kuma gyaransu wajibi ne. Amma lalata gona daban, hana sama zubar da ruwa daga Senegal zuwa Bahar Maliya daban. Mutanen da suka baro Kurdufan da Darfur a 1984 suka yi sansani a Muwailih, bayan Umdurman, sun rasa dabbobinsu da 'ya'yansu, sannan aka rubuta a littattafai cewa su suka jawo wa kansu. Mu da ake kira Fallata ko Takarir mun san nauyin irin wannan magana, don ba a rasa mai cewa baƙi ne suka cika ƙasa suka cinye daji. Duk lokacin da za a yi dokar kiwo ko a raba fili, irin wannan zargi yakan riga hujja isa teburin.

Ta ɓangaren ambaliya ma darasin bai canza ba. Tsofaffin Tuti, tsibirin da ke tsakiyar Kartum, na ba da labarin ambaliyar 1946, yadda mutanen tsibirin suka tare kogi da buhunan ƙasa da jikinsu. A daren 4 ga Agustan 1988 ruwan da ya sauka a Kartum ya haura milimita 200, fiye da abin da birnin ke samu a shekara guda, mutum sama da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni, da yawansu waɗanda fari ya koro shekara huɗu kafin nan suka yi gini da laka a kan hanyar ruwa. Aka ɗauki 1946 da 1988 a matsayin iyaka. Sai ga 2020, ma'aunin Kartum ya nuna mita 17.67, ya wuce su duka, mutum fiye da 100 suka rasu, gidaje sama da 100,000 suka lalace, aka ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku.

Yanzu kuma kogin ya sami sabon mai riƙe da linzami. Madatsar Nahda ta Habasha, wadda aka fara a 2011 dab da iyakarmu aka buɗe a hukumance a Satumban 2025, tana ɗaukar kubik mita biliyan 74, fiye da abin da Shuɗin Nilu ke kawowa a shekara. Tana da alheri gare mu: ruwa zai daidaita tsakanin damina da rani, wutar madatsunmu na Rusairis da Marawi za ta ƙaru, lakar da ta cinye fiye da rabin cikin madatsar Sinnar take kuma toshe magudanan Jazira za ta ragu ƙwarai. Amma lakar nan ita ce takin mai jaruf da jarin mai bulo. Na tsaya da wani kawuna a gonarsa ta gaɓa bayan ruwa ya janye. Da can, in damira, wato lokacin cikar kogi, ta wuce, sabuwar laka kan kwanta baƙa ƙirin, ta tsattsage kamar bayan kunkuru in ta sha rana, mutum ya soka sanda ya jefa irin kabewa ko wake ya rufe da ƙafa, ba taki ba ban-ruwa. Ya tona da yatsa, bai kai gaɓa ɗaya ba ya taɓo tsohuwar ƙasa. Na ce, "Kawu, ko dai bana ce kawai?" Ya ce, "Ɗana, ruwan ma bai hau inda ya saba ba, kuma da ya zo fari ya zo. Wanda bai ɗauko komai ba me zai ajiye?" Ya riga ya fara tambayar kuɗin injin ban-ruwa da buhun taki, abin da mahaifinsa bai taɓa saya ba.

Abin lura shi ne inda tattaunawar ƙasashen uku ta cije. Cika tafkin a shekarun ruwa bai zama babbar matsala ba, an ma gama shi. Inda aka kasa daidaitawa, tun zaman Washinton na farkon 2020, shi ne nawa Habasha za ta saki in fari ya zo, musamman in ya jera shekaru, da kuma ko alkawarin zai zama mai ɗaurewa. Tambayar Hurst ce ta dawo, wannan karon da rumbuna biyu manya a kogi ɗaya, Aswan da Nahda, kowanne da mai shi, Sudan a tsakiya. Ga mu kuma akwai buƙatar da ta fi wannan gaggawa, ta sanin abin da za a saki gobe. Rusairis ƙarama ce a kan Nahda kuma tana kusa da ita, ba za a iya sarrafa ƙofofinta cikin aminci ba sai da labarin yau da kullum daga sama. A Yulin 2020, lokacin cikon farko, ruwa ya sauka ba zato har wasu tashoshin ruwan sha na Kartum suka tsaya.

A daidai wannan lokaci, da kogin ke canza hali ta hanyar zafi da ta hanyar siminti a tare, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya faɗa wa awon kansa. Kartum, inda hedikwatar ma'aikatar yanayi da ta ban-ruwa suke, ta zama fagen daga. Wad Madani, mai cibiyar binciken ruwa da ofisoshin Jazira, ta fita daga hannun gwamnati daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025. Faɗa ya kai Sinja da Jabal Moya. Ma'aikata sun watse, tashoshi da yawa sun yi shiru. A Agustan 2024 madatsar Arba'at da ke shayar da Bur Sudan ta fashe bayan ruwa mai ƙarfi ta tafi da ƙauyuka, a ƙarshen shekarar kuma rashin sarrafa ƙofofin madatsar Jabal Auliya yadda aka saba ya sa Farin Nilu ya koma baya ya shiga gidaje a Jazira Aba. Tauraron ɗan'adam na iya kiyasta ruwan sama da faɗin tafki daga nesa, amma kiyasinsa sai an daidaita shi da awon ƙasa, kuma ba ya gaya maka zurfin ruwa a gindin gadar Sinja da ƙarfe shida na safe. Gini in ya rushe ana sake shi. Awon ranar da ba a karanta ba ya tafi ke nan, kuma shekarun farko na zaman Nahda, waɗanda da su za a gane sabon halin kogin, suna cikin waɗanda ke da giɓi.

Don haka in an zo maganar sake gina ƙasa, ina so a ji muryar mutanen gaɓa suna neman a mayar da masu karanta ma'auni bakin aikinsu daga Daim da ke iyakar Habasha har Dungula a arewa, a biya su albashi a kan lokaci, a kwafe tsofaffin littattafan awo da suka tsira a ajiye su a wuri fiye da ɗaya. A riƙa sanar da hawan kogi da abin da madatsu za su saki a rediyo da saƙon waya, da Larabci da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan mutanen da ke kwana a bakin ruwa, domin tsakanin Daim da Kartum ambaliya na ɗaukar 'yan kwanaki, kuma 'yan kwanakin nan sun isa a kwashe injin ban-ruwa da dabbobi da tsofaffi zuwa tudu.